Folda ta Ƙarshe a Memorin Ya Bukar

Wata Juma'a ce cikin Mayun 2013, ba a daɗe da ɗauke mana sabis ɗin waya a Maiduguri ba. Ina tsugune a gindin dalbejiyar gidanmu da ke Bolori ina wanke-wanke, sai ga yayana Ya Bukar, mai gyaran waya, ya shigo da wata tsohuwar waya ta gwanjo. Ya tarar da memori a cikinta, mai ita na farko ya manta bai cire ba. Yana dannawa sai jita da ganguna suka ɓarke, wani ƙato yana kwarara ihu da yaren da ban taɓa ji ba. Na ce Indiya ne, Mama ta ce aljanu ne. Baba, da ke alwala, ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Yaren Filifin ne. Haka malaminmu na lissafi, ɗan can, yake yi wa matarsa magana."

Memorin kaf na rukunin mawaƙa ɗaya ne, samari huɗu masu gashi har wuya, kowane faifai da foldarsa da shekararsa. Ni da na samu, rana ɗaya zan cinye su. Amma Ya Bukar ya kafa doka: faifai ɗaya duk ranar ɗaya ga wata. In na dame shi sai ya ce, "Falmata, wannan bai fito ba tukuna." Ƙarya ce tsagwaronta, ga shi nan a hannunsa! Sai dai a lokacin dokar hana fita ta kulle mu tun la'asar, makaranta yau a je gobe a rufe, 'yar gala-gala ma sai a tsakar gida. Ba mu da abin jira sai wannan.

Haka muka bi rayuwarsu. Faifan farko hayaniya ce, kamar a gareji aka ɗauka. Da shi nake jan jarka daga bohol. Na biyu ya yi sanyi, har Mama tana gyaɗa kai tana haɗa turaren wuta, tana cewa dai a rage ƙara kada a ji a waje. Akwai 'yan waƙoƙi ɗai-ɗai da ba su da faifai, waɗannan sai ranar da na yi shara ba a aike ni ba. A na huɗu muryar ta canza, hoton ya koma mutum uku. Na yini ina fushi da wanda ya tafi, mutumin da ko sunansa ban iya faɗa ba.

Saura folda ɗaya aka fara kwashe samarin unguwa. Baba ya ce Bukar ya bar garin, ya tafi Kano wurin kawunmu. Da safen da zai tafi ya damƙa min memorin a ƙullin leda ya ce, "Kada ki buɗe ta ƙarshen sai na dawo." Hanyar Damaturu kuwa a lokacin, wanda ya bi ta sai addu'a. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce, na soke ledar a cikin matashina na bar ta. A raina, in na buɗe, na yarda ke nan ba zai dawo ba.

Ya dawo, bayan na wuce shi tsawo, ya rame, ga gemu. Bai ko cire takalmi ba ya miƙo hannu. Muka zauna a gindin dalbejiya, ya danna. Ashe wasa ne a gaban jama'a: dubban mutane suna rera waƙoƙin nan da muka haddace ba mu san ma'anarsu ba. Mama ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Su garinsu babu dokar hana fita ne?" Ba wanda ya yi dariya.

Yanzu ina da data, na bincika cikin minti kaɗan. Wasan bankwana ne. Sun watse tun kafin wayar ta iso Bolori. Duk faifansu yana hannuna, sai in ji rabin waƙa in tsallake. Ya Bukar kuwa wa'azi kawai yake saurara a shagonsa. Ba waƙar nake kewa ba, ranar ɗaya ga wata nake kewa.