Injin Yemima da Cittar Boaz

Duk wanda ya taɓa shan Jibin Ubangiji a cocinmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan ya ga aikin Yemima, ko da bai san fuskarta ba. Farin mayafin da ake shimfiɗawa a kan teburi, da ƙananan da ake rufe gurasa da kofuna da su, ita ke wanke su tun tana amarya. Ni maƙwabciyarta ce. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar gajera ce, Allah ya sa wa maginin albarka. Ba abin da ake yi a gidan nan da ya wuce ni.

A Kagoma aka haife ta, a rafi ta koyi wanki, a kan dutse. Can Boaz, mijinta, ya fara ganinta, lokacin yana ma'aikacin reluwe, ya je sayen doya. Shi dai yana cewa kyanta ya gani. Ni kuwa na san abin da ya gani: ya ga wadda za ta iya da baƙin man da ke jikin kakinsa. Mutumin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa wanke ko hankici ba.

Lahadinta ta farko a cocinmu ta hango tabon ruwan inabi a jikin mayafin teburi. Da aka tashi sujada, amaryar da ya kamata ta sunkuyar da kai ta wuce gida, sai ta je wurin matar faston wancan lokaci ta ce, "Mama, wannan ko a ɗakina ba zan ci tuwo a kai ba." Matar fasto ta dubi tabon. Ta naɗe mayafin ta ɗora mata a hannu. Shi ke nan, aiki ya samu mai shi. Fastoci sun zo sun tafi, an rushe ginin laka an yi na bulo, ta haifi 'ya'ya ta aurar, amma Juma'ar da ke gaban Jibi tana wanki, Asabar tana guga. Ranar da ta haifi Hellen, babbar 'yarta, sai da ta shanya mayafin kafin ta yarda a kai ta asibiti.

To, tsufa ba ya tambayar ko kana da aiki a coci. Sanyin ƙashi ya kama hannuwanta, yatsun suka kumbura suka karkace kamar citta. Ina jinta ta katanga tana matse wanki tana jan numfashi ta haƙori. Na sha ce mata ta kawo in taya ta, sai ta ce wankina ko akuya ba za ta kwanta a kai ba. Ba ƙarya ta yi ba.

Dattijo Silvanus ne ya fara magana. Tsohon hedimasta ne, ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar yana kiran sunayen 'yan aji. Ya tare ta a bakin coci.

"Maman Hellen, kin yi hidima, Ubangiji ya gani. Bayan bikin godiya na kaka za mu ba Doreen wankin nan, ki huta."

Doreen yarinya ce mai hankali a ƙungiyar mawaƙa, ba ta da laifin komai sai ƙuruciya.

"Baba Dattijo, na ce maka na gaji ne?"

"Bakinki bai faɗa ba. Hannunki ya faɗa."

"To ka bari har ranar bikin. In ka ga tabo, ko ka ga mayafi bai iso a kan lokaci ba, ka ba wadda kake so."

Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Wani zai ce mene ne abin damuwa a wankin da ko sisi ba a biya. Wanda zai faɗi haka bai san Yemima ba. Ba ta iya karatu sosai ba, muryarta kuma in ta ɗaga waƙa yara kuka suke yi. Wankin nan shi ne waƙarta, shi ne wa'azinta.

Labari ya kai wa Hellen a Jos, inda take aikin jinya. Ba a daɗe ba sai ga ta da injin wanki a bayan mota, mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Me Yemima ta yi da shi? Ta sa aka kai shi falo, ta lulluɓa masa mayafin saƙa, ta ɗora furen roba da hoton aurenta a kai. Baƙi suna zuwa suna gaishe shi. Sai da Hellen ta sake dawowa ta yi faɗa aka fito da shi barandar baya, aka ɗora shi a kan katako don kada ya zauna cikin ruwa.

Hellen ta koya mata kamar yadda ake koya wa mara lafiya shan magani. Kada ta taɓa filogi da jiƙaƙƙen hannu. Ta sa silifas na roba in za ta yi wanki. In aka ɗauke wuta ta zare filogin, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Ta laluba aljihu kafin ta zuba tufafi, kada ta cika shi har wuya, kada ta tura hannu cikin bahon matsewa sai ya tsaya cik. In ta gama ta cire 'yar ragar da ke tare datti ta wanke, ta bar murfi a buɗe ya sha iska. Yemima ta haddace duka fiye da yadda ta haddace Dokoki Goma. Har goge shi take da tsumma tana yi masa magana. Hannuwanta suka fara lafawa, ta koma cin tuwo kwano cike.

Yanzu bari in kawo ku wurin Boaz. Tun da ya yi ritaya ya koma noman citta a gonar surukansa a Kagoma. Kun tuna shekarar da cuta ta cinye citta a ƙasar nan, manoma suka tona suka tarar da ruɓaɓɓen abu. Boaz na cikin waɗanda suka yi kuka. Bana ce shekarar farko da gonarsa ta dawo da ƙarfinta. A cocinmu kuwa, ranar bikin godiya kowane gida yakan ɗauko mafi kyan amfaninsa ya yi rawa da shi har gaban bagade. A baki ana cewa don Ubangiji ne. A ido kuwa kowa na leƙen kwandon ɗan'uwansa. Shi Boaz kwandon Silvanus yake leƙe tun suna samari.

Wanke citta aiki ne mai cin rai, ƙasa na maƙalewa a tsakanin yatsunta. Ranar Juma'ar da ke gaban bikin, da safe, Yemima ta tafi kasuwa sayen bula, ta bar mayafin coci a ninke a ɗaki. Akwai wuta. Boaz ya dubi kwandon cittarsa, ya dubi injin, ya sake duban citta. Ya yi tunanin da namiji kaɗai zai iya yi.

Ina tsintar wake na ji ƙara kamar an zuba duwatsu a cikin durom ana mirgina shi. Na leƙa. Injin na rawa a kan katakonsa, jan ruwa na ambaliya ta baki ya cika baranda. Can ya yi wani gurnani, ya daina juyi, yana kuka kawai. Ga Boaz tsaye cikin ruwa ba takalmi, ya miƙa jiƙaƙƙen hannu zai zare filogi.

Na ce, "Baban Hellen, in ka taɓa wayar nan, jana'iza za mu yi ranar Lahadi maimakon godiya, ni kuma ba ni da baƙin zani mai kyau. Tsaya nan kamar gunki."

Ya tsaya, hannu a sama. Na zagayo da gudu irin namu na tsofaffi, na kashe babban makunnin gidan da ke kusa da mita, sannan na ce ya fito.

"Maman Patrick," in ji shi, "ai na ga duk wanki ne."

"Haka ne. Gobe sai ka sa jikokinka."

Muna nan Yemima ta shigo. Ta dubi ruwa, ta dubi ɓawon citta yana yawo, ta buɗe murfi ta leƙa. Ta ajiye jakarta a hankali.

"Boaz," in ji ta.

Shekara da shekaru ina zaune kusa da su, ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Maigida take cewa, ko Baban Hellen. Shi ma da ya ji sai da ya waiwaya ya ga ko wani ake kira.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a aka samo Badruddeen, mai gyaran fanka da firji a bakin kasuwa. Tun daga ƙofar gida ya ja hanci.

"Mama, waye ya haihu? Na ji ƙamshin yajin jego."

"Maigidan ne," na ce. "Tagwaye."

Ya duba da idonsa ya ga filogi a zare kafin ya kwance bayan injin. Bel ya zame, yashi da gutsuren citta sun toshe tiyon da ruwa ke fita, ruwa kuma ya fantsama a kan moton lantarkin da ke juya shi. Ya mayar da bel, ya yashe tiyo, ya ɗaga soket ɗin daga ƙasa ya mayar da shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. Sannan ya ce kada a kunna sai gobe, sai cikin ya bushe sarai.

"Gobe Asabar ce," in ji Yemima. "Ranar guga ce."

"Mama, in kika kunna yau, ba gobe ba jibi."

Asabar da safe babu wuta. Boaz ya ɗauko kujera ya zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki yana kallonsa kamar mai jiran jirgin da ya makara. Yemima ta fito da tsohon bahonta, ta gwada matse tsumma, yatsun suka ƙi. Doreen ta biyo, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, ko da abin da zan taimaka?"

"Akwai, 'yata. Ki gaishe min da mamanki."

Sai da rana ta kusa tsaka ƙwan ya kama. Tsohon nan ya miƙe ya ɗaga hannu sama kamar a taron farkawa. Yemima ta bari wutar ta zauna tukuna, ta goge hannunta, ta sa silifas, ta kunna. Injin ya juya lafiya lau. Amma ba ta sa mayafi ba. Ta sa Boaz ɗibar ruwa a rijiya, ana zubawa injin na juyawa da ruwa zalla ana zubarwa, ana sake zubawa, har ruwan ya fita garau, shi kuma bayansa ya fara kiran sunan Yesu. Sannan ta sa mayafin, ta wanke, ta ɗauraye da bula, ta matse. Ranar kaka ta busar da shi kafin la'asar. Ya yi fari har yana kashe ido. Sai dai da ta ɗora dutsen guga, ƙamshin citta ya tashi ya cika gida.

Ta dube ni. Na ce, "Tabo ya ce, bai ce ƙamshi ba."

Lahadi tun kafin a buga ƙararrawa mayafi na kan teburi. Silvanus ya sa tabarau ya bi shi kusurwa kusurwa. Bai sami komai ba, sai hancinsa da ke motsi. Aka yi rawar kawo amfanin gona. Boaz ya fito da kwandonsa, citta duk ta saɓule ta yi fari kamar an yi mata aski, mata na rufe baki da gefen zani. Da lokacin Jibi ya yi, Fasto Gershon ya ɗaga ƙaramin mayafin da ke kan gurasa, ya yi atishawa. Ya sake yi. 'Yan ƙungiyar mawaƙa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ga Yemima ta damƙe bakin benci.

Fasto ya kai mayafin hancinsa da gangan, ya shaƙa. Sannan ya ce, "'Yan'uwa, akwai shekarar da muka nemi ƙamshin nan a gonakinmu ba mu samu ba. Yau ga shi har a kan teburin Ubangiji. Mu yi godiya."

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Boaz ya gyara zama yana duban jama'a kamar shi ya shirya abin tun farko.

Bayan sujada Silvanus ya same ta tana ninke mayafi.

"Maman Hellen, wane irin sabulu ne wannan?"

"Na maigida ne, Baba Dattijo. Ba a sayarwa."

Ya cire tabarau ya goge. "To. Ki ci gaba da aikinki."

Cittar Boaz a zoɓon biki ta ƙare, kuma ba a taɓa yin zoɓo mai daɗinsa ba. Yemima da kanta ta kira Doreen daga baya, tana koya mata yadda ake ninki ba tare da layi ya ratsa tsakiyar teburi ba, amma wanki na Yemima ne har yanzu. Boaz ya samu muƙamin ɗibar ruwa. Iyakarsa bakin baranda, nan yake ajiye bokiti. Juma'ar da ta wuce na ga Silvanus ya zo gaisuwa, yana ta satar kallon injin, har ya ja Boaz gefe yana tambaya ƙasa ƙasa ko dankali ma zai yi. Yemima ba ta ɗago kai daga ragar da take wankewa ba. Ta ce, "Na ji ku."