Ranar da Baba Ya Yabi Ɗan Farinsa

Shekarun baya, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, an kama yayana. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan, sai in fara in fasa. Kwanan nan na tambaye shi ko in faɗa, ya yi dariya ya ce, “Faɗa mana, wa ya rage da za a kama?”

Mu mutanen wani ƙauye ne can wajen Minjibir, inda gona take manne da gona, ba wani fili da za ka taka ka ce ba shi da mai shi. Yayana shi ne ɗan farin mahaifinmu, kuma shi kaɗai ya yi boko mai zurfi a gidanmu. Ni kuwa firamare ma da ƙyar aka raba ni da ita lafiya. Na ƙare ina awon hatsi a kasuwar Dawanau, ina burga da ’yan kalmomin Turancin da na tsinta a bakin direbobi.

Kun san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunan yayana ba. Sai dai ya ce “wancan na birni”, ko ya ce da mahaifiyarmu “mutumin naki”. Ranar da ya zo da sakamakon jarrabawa mai kyau, Baba bai ko ɗaga kai ba, ya tambaye shi ko an ba jaki ruwa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka. Amma sanin bai hana yaro ya ji abin a ransa ba.

Yayana yana aiki a wata ƙaramar jarida mai fitowa mako-mako a Kano. A shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi tsadar da ni mai awonsa ma nake jin nauyin faɗin kuɗinsa, takin zamanin da aka yi ta alkawari kuwa ko buhu ɗaya ba mu gani ba. Sai wani ma’aikacin gwamnati ya sato wata takarda mai hatimin sirri ya ba shi. Takardar ta nuna takin da aka ware wa manoman yankinmu wasu manya sun karkatar da shi sun ƙetare iyaka da shi. Shi da editansa suka buga ta kamar yadda take, har da hatimin. Ranar na sayi jaridar na zagaye rumfunan Dawanau da ita ina cewa, “Wana ne ya rubuta!” alhali rabin abin da ke ciki ban iya karantawa ba.

Ba a rufa mako ba aka zo ofishinsu da rana tsaka aka kwashe su. Abin da ake nema a bakin yayana sunan wanda ya ba shi takardar, shi kuma ya ce bai sani ba, ya tsaya a kan haka. Muka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce ba a wurinsa yake ba. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci sai an tsare ta. Baba kuwa na lura yana zuwa gona ya dawo fartanyarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba.

A wurinmu in an kama ɗanka ba lauya ake nema ba, mutane ake nema. Ko gaban dagaci ne ko gaban alƙali, sai ka tara waɗanda suka san shi, ka nuna yaron nan ba daga sama ya faɗo ba, yana da masu tsaya masa. Gwargwadon girman wanda ya san ka, gwargwadon sauƙin da za a yi maka. Da wannan hankalin dattawa suka taru a zaurenmu bayan la’asar: liman, da mai unguwa, da ƙanin mahaifina. Aka yi ta lissafin manyan da suka san yayana, aka ga duk ba wanda soja zai ji maganarsa.

Can sai mai unguwa ya ce, “To Baturen nan fa? Ai soja ba ya shakkar kowa sai Bature.”

Kowa a zauren ya shiga gyaɗa kai.

Baturen da yake nufi wani mai binciken noma ne da ya taɓa zama a garinmu tun yayana yana sakandare. Ya zo ganin yadda muke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba, yadda ake ɗauko shara daga birni a kan jakuna ana zubawa. Yayana ne ya yi masa tafinta, Baba kuma ya ba shi ɗaki a gidanmu. Da zai tafi ya bar wa Baba rediyo, da hotonsu su uku a bakin rumbu, da wata taswirar gonakin garinmu da aka ɗauka daga jirgin sama. Bayan ya koma ƙasarsu bai daina aiko da gaisuwa ba. Ga shi kuma wani gidan rediyon ƙasar waje mai sashen Hausa ya kan sa muryar yayana jefi-jefi yana bayanin halin da manoma ke ciki. Duk garin ana alfahari da wannan.

Washegari muka shiga motar Minjibir zuwa Kano ni da Baba. Na sa rigata ta Sallah, na naɗe rediyon a zane na rungume shi a cinya, hoton da taswirar suna aljihun Baba. Wallahi a hanya har tsara yadda za mu dawo mu uku nake yi, ina tunanin wa zai zauna a gefen taga.

A ofishin da aka ce yanzu can ake riƙe da shi, da farko masu gadi korar mu suka yi. Da na ce mun zo da shaidar cewa Turawa sun san shi, sai ɗaya ya shiga ciki, ya fito ya ce mu shigo. Wanda ya karɓe mu ba kaki a jikinsa, kaftani ne fari tas, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya tashi ya ba Baba kujera, ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi.

“Baba, sannu da hanya. Ai da kun aiko ni da kaina zan zo. Me ke tafe da ku?”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, yaron nan da kuka riƙe, ba ɗan iska ba ne. Yana da mutane har ƙasar waje.”

“Haba? Ikon Allah. Ai irin wannan muke son ji, Baba. Ba ni labari tun daga farko, kada ka bar komai.”

Ya kira wani ya zauna da biro. Na kwance rediyon na ɗora a tebur, Baba ya fito da hoton da taswirar. Mutumin ya daɗe yana duban taswirar nan. Ya tambayi tsawon zaman Baturen, da wuraren da yayana ya kai shi, da ko har yanzu suna aike. Baba yana amsawa yana ƙarawa, don gani yake duk abin da ya ƙara nauyi ne a ma’aunin ɗansa.

Sai mutumin ya ce, “Baba, saboda rubutu, faɗi sunansa cikakke.”

Baba ya juyo. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sannan ya faɗa. A duniya ranar na fara jin sunan nan daga bakinsa. Kuma da ya faɗa, sai bakin ya buɗe. Ya ce tun yaron nan yana ƙarami bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce shi ne idonsa, shi ne bakinsa a duk inda ba ya iya magana. Ya ce Bature da kansa ya ce bai ga yaro mai kai irinsa ba, ba inda yake zuwa sai da shi, ba abin da yake ɓoye masa. Ya ce, “In na ji muryarsa a rediyon nan, fita nake yi bayan gida don kada a ga fuskata. Allah bai ba ni abin da ya fi shi ba.”

Aka karanta masa abin da aka rubuta, ya dangwala yatsa. Mutumin ya ce a bar kayan a wurinsa don ya nuna wa na sama, ya rako mu har bakin ƙofa. A mota Baba ya sayi rake ya miƙo mini. Rabon da in ga ya sayi wani abu a hanya har na manta.

Bayan wasu makonni lauyan jaridar ya neme ni a Dawanau. Bai ko zauna ba. Ya ce, “Wa ya ce ku kai musu kayan nan?” Ya yi mini bayani a tsaye a tsakanin buhuna. Da farko da laifin buga takardar sirri kaɗai ake tuhumar yayana, ɗaurin da mutum zai iya ƙirga watanninsa ya fito. Sun so su ƙara masa da cewa yana yi wa wata ƙasa leƙen asiri, amma ba su da komai a hannu. Yanzu suna da rediyo, da hoto da Bature, da taswirar da aka ɗauka daga sama, da kalaman uban da ya haife shi cewa shi da Baturen ba abin da suke ɓoye wa juna. Na ce ai Baturen taki da shara ya zo dubawa. Lauya ya ce, “Ni na sani. Su ma sun sani.”

Kotun soja ce, a rufe aka yi, ba wanda aka bari ya shiga. Editan ya sami ɗauri kaɗan. Yayana aka yanka masa shekarun da ko saurayi ya ji sai gabansa ya faɗi, aka ɗauke shi zuwa wani kurkuku mai nisa a kudu. Na so in ɓoye wa Baba dalili, amma magana ta riga ni isa gari. Na same shi a zaure shi kaɗai. Ya ce, “Ashe ni na kai shi.”

Daga nan zauren namu ya mutu. Dattawan da suka ba da shawara suka koma gaishe mu daga nesa, ban kuma ga laifinsu sosai ba, lokacin kowa tsoron inuwarsa yake. Yara suna ce wa gidanmu gidan ɗan leƙen asiri. In Baba ya ji rediyo a rumfar mai shayi sai ya canja hanya. Sau ɗaya aka ba ni izinin ziyara, na ce ya zo mu je, ya ce, “Da wace fuska?” Ya kuma gargaɗe ni kada in gaya wa yaron halin da yake ciki, ba a kai wa ɗaurarre damuwa. Na je, muka yi magana ta bayan ragar ƙarfe, gandiroba yana tsaye a kanmu. Yayana ya ce, “Yaya Baba?” Na ce lafiya lau. Ya ce in gaishe shi. Shi ke nan aka ce lokaci ya yi.

Baba bai kai ga ganin fitowarsa ba. Ciwon da ya kama shi bai yi tsawo ba, ana cikin girbin gero ya cika. Da aka yi canjin gwamnati aka saki ’yan jarida, yayana ya dawo da tari da furfura, wandonsa ɗaure da igiya. Bai taɓa faɗin sunan ma’aikacin nan ba, har yau ni ma ban san shi ba.

Na kai shi kabarin Baba. Bayan mun dawo daga maƙabarta muka zauna a bakin rumbu. Na ce, “Yaya, Baba ya bar mini saƙo. Ya ce ka yafe masa.”

Ya ce, “Na me?”

Na gaya masa komai. Ashe shi a zatonsa Baba bai taɓa sanin an yi amfani da maganarsa ba. Ya ce, “Ranar da aka karanta ta a kotu, mai gabatar da ƙara yana yi yana kallona, yana jira in karaya. Ni kuwa so nake ya maimaita. Na haddace ta tas. Duk ranar da na ji zan haukace a ɗakin nan ita nake biyawa. Da na san yana can yana cin kansa, da ko gandiroba zai fasa mini baki sai na ce ka gaya masa.”

Mutane suna tambayata abin da na koya. Na koyi cewa akwai hukumar da ba a zuwa mata da zuciya ɗaya, na kuma daina yarda da lemo mai sanyi a ofis. Amma gaskiya ba darasin ne yake damuna ba. Abin da yake cina shi ne magana ɗaya ce, ta kashe uban, ta raya ɗan, ni ina tsakaninsu na je na dawo da “lafiya lau”.

Yanzu yayana ya tsufa, yana zaune a zauren Baba. Wani lokaci muna hira sai ya ce, “Sunan nawa, da bakinsa ya faɗa, ko su suka rubuta?” In ce da bakinsa. Sai ya ce, “Yaya ya faɗe shi?” In gyara murya in gwada, ya girgiza kai ya ce in sake. Ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka ji, kuma har yau ban iya faɗinsa yadda Baba ya faɗa ba.