Zuciyar da Ba a Kawo wa Yayana Ba

Yayana albasa yake saye da sayarwa a kasuwar Malanville, ni kuma tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, nake tare da shi a rumfa. Ƙato ne. Na sha ganin ya cicciɓi buhu shi kaɗai ya miƙa saman kamiyo, babbar motar kaya, don kawai masu lodi sun yi mishi nawa. Shi ya sa da ya fara tsayawa yana haki tsakanin rumfa da masallaci muka ɗauka gajiya ce. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, kwanciya ta gagare shi, sai a zaune yake barci an tokara mishi matasai a bango.

Na kai shi gidan likita a nan gari, suka tura mu Parakou. Lokotoron da ya duba shi can bai ɓoye muna komi ba. Ya ce zuciyar ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Maganin da zai rubuta zai rage ruwan da ke taruwa a jiki, amma ba zai mayar da ita yadda take ba. Na tambaye shi ko akwai aikin da za a iya yi. Ya ce a wasu ƙasashe ana canza ta ɗungum, a nan kuwa ba a yi. Muka hau mota muka dawo da ledar ƙwayoyi.

Tun daga nan, kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa mishi tabarma a ƙofar gida, mutane su zo gaisuwa. 'Yan kasuwa, maƙwabta, abokansa na ƙetaren gulbi. Ana dafa shayi, ana hira, shi yana saurare yana murmushi, don doguwar magana tana cinye mishi numfashi. Wannan zaman shi ne abin da ya rage mishi na duniya.

Wata rana wani abokinsa mai sayar da shinkafa ya fiddo wayar salula ya ce mu zo mu ga abin mamaki. A Amurka an ciro zuciyar alade an dasa wa mutum, kuma ya farka yana magana. Salular ta zagaya hannu-hannu. Wani na a'uziyya, wani na tofar da yawu, wani na dariya yana cewa gobe sai mu ji mutumin yana tonon juji da hanci. Kawunmu, ƙanen innarmu, yana wurin. Mutum ne da ba ya iya barin hira ta wuce bai ɗora nashi a sama ba. Ya juya ya dubi yayana, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To kai mai ciwon, in an kawo maka wagga zuciya yanzu, kana karɓa?"

Har yau ban manta da wannan tambaya ba. Mutum na zaune a gabanka leɓɓansa sun yi duhu don rashin iska, ka mai da shi abin gwada imani a bainar jama'a.

Yayana ya ja numfashi, ya ce, "Ina karɓa, Kawu. Da hannu biyu. Ina son in kwanta a bayana ko sau ɗaya."

Kawu ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya sa takalmi ya tafi. Sauran suka fara tuna suna da uzuri.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo maganar ta riga ni isa rumfa. Da farko ana cewa ya ce zai karɓa. Sannan aka ce ya aike ni Kwatano in nemo hanya. Da ta ƙetara gulbi ta dawo, sai ta zama wai tafiyarmu Parakou ma abin da aka yi ke nan, an riga an sa mishi, kumburin ƙafar nan jikinsa ne ke ƙin najasa. Wani mahauci da yayana ya sha yi wa alheri ya tare ni yana dariya, ya ce in gaida mai jiki, in ce mishi in ana buƙatar hanta ma a yi magana. Ban san lokacin da na kifar mishi da faranti ba. Sai da mutane suka shiga tsakani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk garin nan babu wanda ya taɓa ganin inda ake wannan aiki, babu kuma wanda zai gani. Mu da kwalbar iskar numfashi ma sai an sha wuya ake samu. Amma a kan zuciyar da ba ta zo ba, ba kuma za ta zo ba, aka daina zuwa gaida marar lafiya. Nakan shimfiɗa tabarmar, in kamo shi mu fito, mu zauna mu biyu. Mutane su biyo layin, su ɗaga hannu daga nesa su ƙara sauri. Matar yayana tana dama fura ta sayarwa, ita ma sai ta riƙa dawowa da ƙwaryarta a cike.

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni a zaurensa, ya ce mini a hankali ai malamai da dama sun yi magana a kan lalura, in rai na cikin haɗari kuma babu wata hanya, akwai sauƙi a addini, yayana bai faɗi abin da zai fitar da shi daga komi ba.

Na ce, "Malam, ku faɗa musu haka a masallaci."

Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. In na tayar da ita sai ta ƙara girma. A bar ta ta mutu da kanta."

Na tashi na fito. Ya san gaskiya, ya ba ni ita a ɗaki kamar kayan sata.

Kawu kuwa ya aiko wa innarmu cewa a fito da yayana gaban mutane ya ce ya tuba, shi zai tara su da kansa. Inna ta shiga ɗakin tana kuka, ta ce ya yi don ita. Yayana ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, ban ci ba, ban taɓa ba, ko a ido ban gani ba. Tambayata aka yi na faɗi abin da ke raina. In na ce ban so rayuwa ba, na yi ƙarya ke nan." Ba ta sake tayar mishi da maganar ba.

Ya rasu da damina, da hantsi, a zaune, kansa a kafaɗata. Nan da nan gidan ya cika. Duk fuskokin da suka ɓace suka dawo, kowa na cewa Allah ya jiƙan mutumin kirki.

Ni da wani dattijon unguwa muka shiga yi mishi wanka. Sai ga Kawu ya ɗaga labule ya shigo, ya ce shi ma haƙƙinsa ne. Ban hana shi ba. Muna zuba ruwa sai na ga ya janye zanen da muka rufe shi da shi daga wuya zuwa ciki, ya sunkuya, yana bin tsakiyar ƙirjin da ɗan yatsa. Tabon ɗinki yake nema. A jikin ɗan 'yar'uwarsa da bai gama hucewa ba.

Na damƙe wuyan hannunsa. Na ce, "Kun gani, Kawu? Ku duba da kyau. In juya muku shi?"

Dattijon ya ce, "Subhanallahi, ku ji tsoron Allah, gawa ce a gabanku."

Na ce, "Ku fita ku faɗa wa mutanen da ke waje abin da kuka gani."

Ya fizge hannunsa ya fita. Bai faɗa wa kowa komi ba. Ya je ya tsaya a sahun gaba aka yi salla da shi.

Ranar sadakar uku wani ya kawo labarin cewa mutumin Amurkan ma bai daɗe ba ya mutu. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa ai dama, kamar an ci wata gardama. Kawu ya karɓi addu'a, ya ja ta da tsawo, muryarsa na rawa. Ban iya ɗaga hannuna ba. Na tashi na ratsa ta cikinsu na nufi kasuwa. Ruwan sama ya shiga rumfar tun muna jinya, albasar ta fara ruɓewa daga ƙasa. Na kwance buhunan na zazzage su a ƙasa, na zauna ina ware mai kyau da marar kyau har aka kira azahar.