Hoton Bakin Rijiya

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen bazara, shekarar da na yi famfara, aka tara mutanen Tudun Wada a bakin sabuwar rijiya domin a ɗauke su hoto. Ban san lissafin shekarar a ƙidayar Turawa ba, amma manya suna cewa ba a daɗe da gama yaƙin Jamus na farko ba. Tun da hantsi aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka aro kujeru biyu daga tashar jirgi, ɗaya ta Bature Di'o, ɗaya ta mai unguwa. Kowane magidanci ya fito da rigar da yake ɓoyo don Sallah, wasu ma ta aro ce tana jan ƙasa. A gabansu ga wani akwati a kan ƙafafu uku, ga kuma mai shi, wani siririn mutumin Ikko da ke zaune a Sabon Gari, wanda sana'arsa ke nan bin tarurruka da manyan mutane yana ɗaukarsu. Mu yara mun sa masa suna Mai-Lulluɓi, saboda ba ya iya aikinsa sai ya rufe kansa da baƙin ƙyalle kamar mace za ta unguwa. Ni kuwa ina can gefe da faifan dafaffiyar gyaɗa a ka, alhali an ja mini kunne sau uku kada in kuskura in je wurin.

Tudun Wada ta wancan lokaci ba gari ba ce, 'yan gidaje ne na ƙasa da dannin kara, tsakanin birni da tashar jirgi. Mutanen cikinta duk baƙi ne, Kanawa da Katsinawa da Barebari da aikin reluwe ko fatauci ya kawo. Komai muna lallaɓawa ban da ruwa. Kullum da asuba, kafin mu tafi makarantar allo, sai mun gangara rafin Kubanni da tuluna sau biyu, idan rani ya yi nisa kuma sai mun tona yashi da ƙoƙo muna jiran ya tsattsafo. A hanya muke wasanninmu, mu tsinci duwatsun carafke, mu yi tseren da ba a yarda ruwa ya zuba ba, wadda ta fasa tulu kuwa ta san abin da ke jiranta a gida. Da abin ya ishi manya, sai mai unguwa Malam Sambo ya kira taro aka yi karo-karon haƙa rijiya. Wani ya kawo damin dawa, wani zabi, masaƙa suka ba da zane, matan aure suka aiko da kwanonin tuwo kowace rana, samari suka yi gayyar kwashe ƙasa. Wanda ya shiga ramin kuwa, tun daga saran farko har ranar da ya taɓo idon ruwa, mahaifina ne, Audu mai rijiya.

Ni ce 'yar farinsa, kuma duk wanda ya tashi a wancan zamani ya san me wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan zai aike ni, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa "yarinyar nan" ta kawo ruwa. Ƙannena sukan hau cinyarsa, su ja gemunsa, su lalube aljihunsa neman goriba, ni kuwa da ya yi sallama sai in nemi bayan rumbu. Inna ma haka take da ni, don haka tun yaye aka mayar da ni ɗakin kakata Iya, mahaifiyar Baba. Manya sun san kunya ce, amma yarinya 'yar shekara bakwai ba ta san wannan ba. Na ɗauka kawai ba ya so na, kuma nakan kwanta da wannan a raina. Abin dariyar shi ne, shi ma Baba ɗan farin Iya ne. Ba ta faɗin Audu ko da na maƙwabta ne, sai dai ta ce "mai igiyar nan". Idan ya shigo gaishe ta, sai ta mayar da idonta kan audugar da take kaɗi har ya gama ya fita, sannan ta tambaye ni ko ya rame. Ni da ba na iya kallonsa, ita da ba ta iya kallonsa, haka muke zaune muna tambayar juna.

Iya ce ta fi kowa ɗokin hoton nan, duk da liman ya ce shi dai zai yi addu'a ya tafi, ba zai tsaya a kama masa inuwa ba. Wata ƙawarta mai sayar da fura a tasha ta ba ta labarin cewa mutum yakan fito a takarda sak, da hancinsa da komai, kuma ba ya kallonka balle ka ji nauyinsa. Iya ta yi ta juya maganar kwana da kwanaki. Da hannunta ta wanke wa Baba rigarsa, ta kai wa mabuga, ta aike ni da ita ba tare da ta ce daga wa take ba. Na ji tana faɗa wa Inna a madafa cewa idan takardar ta zo, za ta roƙi mai unguwa aronta ko na wuni ɗaya.

To, a wurin taron, bayan an yi addu'a an jawo gugan farko Bature ya duba, sai Mai-Lulluɓi ya shiga jera mutane. Manya a zaune, magidanta a tsaye a bayansu, Baba kuma a ƙarshen layi daf da rijiyar, da igiyarsa a kafaɗa, don a san shi ne gwanin. Da gurguwar Hausarsa ya bayyana musu cewa zai cire murfin idon akwatin, kuma daga nan har ya mayar da shi kada wanda ya motsa, ko ƙuda ne ya sauka a hancinsa. An kore mu yara baya. Amma ni na riga na ƙudurta sai na fito a takardar nan kusa da Baba, tunda a gida ba a bar ni in tsaya kusa da shi ba. Na ajiye faifaina, na zagaya ta bayan mutane, na hau dakalin da aka gina a bakin rijiyar, na taka azarar da aka gitta a kai. Azarar a jiƙe take, ramin kuma gaba goma sha wani abu ne. A gidanmu babu laifin da ya kai yaro ya leƙa rijiya, balle ya hau ta, amma a lokacin idona yana kan akwatin. Na ji ƙafata ta ɗan zame, na kuma ji zanena ya ɗame ta baya, na ɗauka ƙusa ce ta kama shi, sai na daskare a haka. Mai-Lulluɓi ya mayar da murfi, mutane suka saki numfashi, wani dogari ya fizgo ni ƙasa ya ba ni rankwashi biyu. Baba bai ko waiwayo ba, ya bi ayarin masu raka Bature. Da yamma ma bai ce komai ba, ni kuma na ƙara tabbatar wa kaina cewa ko faɗawa na yi ba zai kula ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka aka kira Baba ƙauyen Hanwa yasar wata tsohuwar rijiya. An yi ruwan farko a makon, ƙasa ta sha ta yi laushi. Ya fita da sassafe da dagi da igiya, na ji shi yana ce wa Inna ta ajiye masa ƙanzo. Bayan azahar gefen rijiyar ya rufta a kansa, kuma ba a kai gare shi ba sai la'asar sakaliya. A naɗe aka kawo shi, masu wanka suka ce kada a buɗe wa mata. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Iya kuwa ba ta yi ba, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta zauna a ƙofar ɗakinta tana amsa gaisuwa, duk wanda ya ce Allah ya jiƙan Audu sai ta ce amin ta dubi ƙasa. Ni kaɗai na san ba ta cin abincin da ake kawo mata, don ni nake mayar da kwanon.

Daga nan hoton ya zama shi ne abin da gidanmu ke jira. Kullum Iya sai ta tura ni zauren mai unguwa in tambayo. Sai bayan sadakar arba'in Mai-Lulluɓi ya kawo shi, manne a kan kwali mai kauri. Malam Sambo, Allah ya saka masa, bai bari an rataye shi ba, ya naɗe shi a ɗankwali ya aiko da shi gidanmu. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, aka buɗe a kan tabarma. Ga Bature da hular kwanonsa, ga mai unguwa ya kumbura kumatu kamar an hana shi tari, ga kowa da kowa har ɗinkin wuyan rigarsa ana gani. Mata suka fara nuna mazajensu suna dariya ƙasa-ƙasa, sai dariyar ta mutu da yatsa ya kai ƙarshen layi. Rigar Baba tana nan, igiyar tana nan a kafaɗa, amma inda fuska take babu komai sai wani farin shafe, kamar an goga yatsa a kan rubutun allo bai bushe ba. A samansa kuma ga ni tsaye a kan rijiya, baki buɗe, ba haƙoran gaba, na fito tas.

Ɗan aiken ya ce sun tambayi mai hoton ko zai gyara, ya ce ba dama, wanda ya juya kai murfi na buɗe haka yake fita, kuma sau ɗaya tak ya ɗauka, babu wani. Matan duk suka dube ni, kuma na fahimci abin da ya sa Baba ya juya. Na gudu bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Na san na raba Iya da abu ɗaya da ta jira shekara talatin da wani abu, na kuma raba ƙannena da sanin kamannin ubansu.

Sai da mata suka watse Iya ta kira ni ɗaki. Na shiga ina jiran duka. Na same ta a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ta kawo kwalin daf da idonta. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Zo nan, Asabe, idona ba ya gani sosai. Wannan abin da ke jikin zanenki, mene ne?" Na duba inda farcenta yake. Hannu ne, ya miƙo ta baya daga cikin rigar nan marar fuska, ya damƙe gefen zanena har jijiyoyinsa sun tashi. Ƙaramin yatsan guntu ne, wanda dutse ya datse masa tun yana saurayi. Kan ya juya ya ɓace, amma hannun bai motsa ba ko kaɗan, don haka ya fi komai fitowa a hoton. Na ce mata hannun Baba ne. Ta ce, "Na sani. So nake ki gani da idonki." Daga nan ta shafa yatsan da nata, ta ce a hankali, "Audu," sai hawayen suka zo. Ranar na fara jin sunan a bakinta, ban kuma sake ji ba har ta rasu.

Mai unguwa bai taɓa aikowa a karɓi hoton ba. Hoton ya bi ni gidan aure a ƙasan kwalla, gara ta ci Bature da rabin layin gaba, amma ba ta kai ƙarshen layi ba. Rijiyar an rufe ta tun da aka kawo famfo, yanzu shagon tela ne a wurin. Yau a Tudun Wada ba a suna ko biki ko taron gidauniyar masallaci sai ka ga masu hoto biyu ko uku suna ta walƙiya, ɗaliban makarantar Kongo kuwa har da riƙe haɓa. Jikokina suna hawa wuyan ubanninsu a ɗauke su, ɗan fari da auta duk ɗaya, kuma ban ga laifin hakan ba. Sukan tambaye ni kamannin mahaifina, ni kuma in rufe ido in nema. Ina tuna tafiyarsa da warin jar ƙasa a jikinsa da yadda yake gyaran murya kafin sallama, amma fuskar ta tafi, don ban taɓa kallonta da kyau ba tun tana nan. Sai in buɗe kwalla in nuna musu abin da ya rage. Ban san fuskar ubana ba, amma na san hannunsa.