Shekarar da Jakinmu Ya Yi Ciwo

Ina ɗan shekara bakwai, duk ƙauyenmu na Jazira babu yaron da ya kai ni ƙiba. Wuyana ya ɓace, cinyoyina na gugar juna har su yi ja. Inna kuwa abin alfaharinta ke nan. Ta cika min akushi da kisra, wainarmu ta dawa, ta kwarara man shanu a miya, sannan ta shafa min baƙin tukunya a goshi don kada bakin mutane ya kama ni.

Baba ne abin ya dama. Yana ganin yara na tsere a bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ni ina zaune ina haki kamar ragon layya. Ya kai ni wurin hakim, wato likita, a garin Kamlin, aka ce in ban rage ba ƙafafuna za su lanƙwashe. Da ya faɗa wa Inna, sai ta dangwarar da ludayi.

"Malam, in hana ɗana abinci? A ce me a gari? Wallahi ba da hannuna ba."

Bai ja da ita ba. Washegari ya tashe ni ya ce, "Jakin nan ba shi da lafiya. Da ƙafa za mu hawasha."

Hawasha, wato gonar audugarmu, ba kusa take ba, ga Baba da ɗingishi tun da fartanya ta sare shi a ƙafa. Kai, na sha wuya! In zauna a turɓaya in ce ba inda za ni, shi kuwa ya tsaya yana nuna min zalɓe a bakin ruwa har in gaji in tashi.

Jaki bai warke ba, tun daga shuka har tsinkar auduga. Tausayinsa nake ji, ina kwaso masa ciyawa. A hankali na fara son tafiyar. Ran da na kori akuya daga cikin auduga har na cafke ta da gudu, Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Da yammar nan na tarar da Inna tana murza masa ƙafar, ta kumbura suntum. Na ce, "Inna, yaushe jakinmu zai warke Baba ya huta?"

Ta harare ni, tana danne dariya. "Kai dai sakarai ne. Je ka dube shi, ya fi ka ƙiba yanzu. Ga mai ciwon nan."

Sai na lura da abin da ke hannunta. Man shanun miyata ne, wanda na daɗe ban gani a akushina ba, shi take shafa masa.