Ranar da Aka Naɗe Tabarmar Inna

Inna ta faɗi a bakin rumbu a farkon damina, tana ɗibar iri. Ina Kano a lokacin, ina karanta labarai a wani gidan rediyo. Yayana ya kira ni daga asibiti a Rano, ya ce ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya ɗan karkace, amma tana gane mutane. Na nemi hutu a wurin aiki, na zuba kaya kaɗan a jaka, don a ganina kafin a gama noman farko na koma.

Ƙauyenmu yana yankin Kahu, a ƙasar Kibiya. Gidajen Kirista kaɗan ne, jikokin Maguzawa, a tsakiyar maƙwabta Musulmi da muke shan rijiya ɗaya da su. Cocinmu na Katolika reshe ne, ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Fada, wato limaminmu, yana zaune can nesa a babban coci, sai an jima yake zuwa a kan babur ya yi mana Mas, babbar sujadarmu. Sauran Lahadi katikis, malamin cocin ƙauyen, shi ke jan addu'a. Duk abin da ya rage na hidimar coci yana hannun matan zumunta, shugabarsu kuma ƙanwar mahaifina ce, wadda nake kira Gwaggo.

Ranar da aka sallamo Inna, da aka kira sallar la'asar a masallacin maƙwabta, sai ga matan sun yi sallama. Gwaggo ta shimfiɗa wata doguwar tabarma a ƙofar ɗakin Inna, suka zauna, kowacce ta ciro carbinta. Suka ja shi daga farko har ƙarshe, Gwaggo tana farawa suna amsawa, sannan suka roƙa wa Inna lafiya, suka tashi. Tabarmar ba su ɗauke ta ba. Gwaggo ta ce a bar ta a nan, gobe ma suna tafe.

Na san al'adar tun ina ƙarama, amma ban taɓa zama a cikinta ba. A wurinmu idan aka fara wa mara lafiya addu'ar la'asar, ba a dainawa sai ɗayan biyu: ko ya taka da ƙafarsa zuwa coci ya yi godiya, ko a kai shi makabarta. Ba dokar Katolika ba ce, tamu ce. Abin da na ji daga manya shi ne, tun kafin a haife ni an taɓa yi wa wani tsoho addu'a har kaka ta yi, aiki ya yi wa mata yawa suka daina zuwa, bai daɗe ba ya rasu. Ban ga wannan da idona ba, kuma kowa da yadda yake ba da labarin. Abin da na gani shi ne babu macen da ke son a ce daga kanta aka fara fashi.

Yayana yana gyaran babura a Rano, yana da iyali a ɗaki ɗaya. Don haka jinya ta zama tawa. Ni ke juya Inna, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta koko a cokali tana hararata don ban sa tsamiya yadda take so ba. Hutuna ya ƙare, na roƙi ƙari aka ba ni. Ya sake ƙarewa. Waya ba ta samun layi a gidanmu sai an hau wani dutse da ke bayan gonaki, nan nake hawa in kira shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne. Amma lokacin da dawa ta fara fitar da kai, ya gaya mini gaskiya: kujerar karanta labarai ba ta zama babu kowa, in ban dawo kafin a gama kaka ba, za a ba wani.

Mafita ɗaya ce, kuma mai kyau ce. In tafi da Inna Kano. Ɗakina ya ishe mu, akwai masu gashin ƙashi kusa, likitan da ya duba ta ma ya ce gashin zai taimaki ƙafarta. Na kai maganar wurin Gwaggo, na ce su ci gaba da yi mata addu'ar a coci, ai Allah ya san hanyar Kano.

"'Yar rediyo," in ji ta, "ke kin saba magana da mutanen da ba kya gani. Mu ba haka muke ba. Su wa ake ambata a coci ba sa wurin?"

"Matafiya," na ce.

"Matattu," in ji Gwaggo. "Mara lafiya a gabansa ake yi masa, yana ji, yana cewa amin. Uwarki ba ta mutu ba da za mu kai sunanta coci."

Na ce to in ta tafi sai su huta. Ta dube ni kamar na zagi wani, ta ce in je in ɗora ruwa.

Su ma matan ba daɗi suke ji ba. Da aka fara cire gyaɗa, sukan zo da ƙasa har gwiwa, wasu na gyangyaɗi a tsakiyar carbi, wata takan tsallake ƙwaya biyu Gwaggo ta dawo da ita baya. Akwai wata sa'ata, matar ɗan katikis, da muka yi firamare tare. Wata rana ta bi ni madafa kamar za ta sha ruwa, ta ce a hankali, "Ke, don Allah ki ɗauke tsohuwar nan ki tafi da ita. Gyaɗata tana tsirowa a ƙasa."

"Ki daina zuwa mana."

"In daina ta mutu a ce ni ce? Ke dai da kika yi boko ki yi mana dabara."

Na daɗe ina sauraron addu'ar nan daga bakin murhu, ina tambayar kaina amfaninta. Kalmomin ba sa canjawa. Hannun Inna bai motsa ba. In Allah ya ji tun ranar farko, me ake ƙara gaya masa? Da Fada ya zo ya kawo wa Inna Jibi Mai Tsarki, gurasar da ake karɓa a Mas, na raka shi har wurin babur na yi masa tambayar haka, ba tare da kwana-kwana ba. Saurayi ne, ba Bahaushe ba, amma Hausarsa ta fita. Ya ce nacin addu'a ba don a tunatar da Allah ake yi ba, don mai roƙon ne ya zauna a bakin ƙofar, kada ya juya baya. Ya ce kuma babu inda coci ta ce mara lafiya ba zai yi tafiya ba, zai faɗa musu. Ya kuwa faɗa, a ƙarshen Mas, dalla-dalla. Matan suka amsa da murya ɗaya, "Gaskiya ne, Fada." Ya hau babur ya tafi. Da la'asar suka zo suka zauna a tabarma.

Sai na bar Gwaggo, na koma kan Inna kanta. Na yi ta lallashi, da safe ina shafa mata man zafi, da rana ina tsefe mata kai. Maganarta tana fita a hankali, amma hankalinta garau yake. Ta san abin da zan rasa, ita ce ta sayar da awakinta lokacin da zan tafi makaranta. Wata safiya ta ce, "Kira yayanki ya nemo mota." Ban tsaya na sake tambayarta ba. Na hau dutse na kira shi, na kira shugabana na ce ina tafe.

Ana gobe tafiya, bayan an gama carbi, na tsaya a gaban matan na yi musu bayani yadda ba wanda zai ce bai gane ba: gobe da safe za mu tafi Kano, magani za a yi mata, in ƙafa ta yi ƙarfi za mu dawo. Kowa ta ji, kowa ta gane. Babu wadda ta yi gardama. Gwaggo ta ja gwiwa zuwa bakin gadon Inna, ta kama hannunta mai lafiya.

"Yaya, zaman tare ne. In na taɓa ɓata miki, ki yafe mini."

Inna ta ce ta yafe. Ta biyu ta matso ta faɗi haka, ta uku ma. Sa'ar tawa da ke roƙona in ɗauke tsohuwa, ita ce ta fi kowa kuka. Da suka gama, mata biyu suka kama bakin tabarmar suka naɗe ta, suka ɗaure da igiya, suka fita da ita a ka. Wurin da take ya yi fari, an ga shatarta a ƙasa.

Ba mugunta suka yi ba, na tabbata. Hanya ɗaya kawai suka sani ta rufe wannan addu'a idan mutum bai taka zuwa coci ba, ita suka bi. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga. Maza suka fara shigowa, suna cire hula, suna durƙusawa a ƙofar ɗaki suna neman gafara. Wani tsoho ya tuna rigimar kan iyakar gona da suka yi da mahaifina, wanda ya daɗe da rasuwa, ya ce a yafe masa. Hajiya maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekaru suna aron turmi da Inna, ta shigo da ƙwaryar fura ta zauna ta yi tagumi.

"Hajiya, asibiti fa za mu," na ce.

"Na sani, 'yar nan. Allah ya sa a dace." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ga samarinku suna nome ciyawar makabarta, shi ya sa na ce bari in leƙo."

Na je na tambayi katikis. Ya ce ciyawar ce ta yi yawa, dama an daɗe ana cewa za a nome. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Inna tana kwance ƙofa a buɗe, duk wanda ya shigo ta gan shi, duk wanda ya roƙa ta yafe masa. Ba ta ci tuwo ba ranar.

Da safe yayana ya iso da motar haya daga Rano. Na riga na ɗaure kayanta. Muka ɗaga ta, shi ta kafaɗa, ni ta ƙafa. Muna isa bakin ƙofa ta miƙa hannun hagu ta riƙe ƙyaure. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba.

"Ku ajiye ni."

"Inna, direba na jira."

"Jiya ina kallo aka yi ban kwana da ni," ta ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Saura a rufe. In na shiga motar nan, sun rufe."

Na ce a Kano ma akwai coci, babba, da mata masu carbi fiye da na nan. Ta ce, "Sun san ni?" Yayana ya ce, "Inna, aikin yarinyar nan fa." Ta ce ta sani. Ta dube ni, hawaye na bin gefen bakinta da ya karkace, ta ce, "Ke ki tafi." Ta san babu mai juya ta in na tafi, na san ta sani. Muka mayar da ita gado.

Direba ya ce ba zai koma fanko ba, ya ɗauki wasu mata masu zuwa kasuwa ya tafi. Yayana ya zauna a gindin rumbu. Na hau dutse. Shugabana ya saurare ni har na gama, ya tambaya ko zan iya faɗin rana. Na ce ba zan iya ba, ranka ya daɗe. Ya ce ya gane, Allah ya ba ta lafiya, za su ba wani kujerar. Muka yi sallama cikin mutunci.

Ban sauko nan da nan ba. Daga kan dutsen ana ganin gonaki har bakin hanya, ana ganin rufin cocinmu. Har yau ban ce addu'ar nan ta warkar da kowa ba, ban kuma ce amsar Fada ba daidai ba ce. Abin da na iya tabbatarwa kaɗan ne. Muddin matan nan suna zaune a ƙofarta, Inna tana cikin masu rai na garin, ana kawo mata tsegumi, ana tambayarta wa ya kamata ya riƙe jaririn wance a baftisma. Ita wannan take nema, ta fi son sa a kan ƙafarta. Sai dai wani ne yake biyan wannan da ransa: su da gonakinsu, ni da aikina. Babu kuma wanda aka tambaya.

Da rana ta karkata na hango su suna barin gonaki ɗaya bayan ɗaya, ba sauri. Wani ya gaya musu motar ta tafi babu mu. Na riga su isa gida, na zauna a inuwar ƙofar ɗakin Inna, inda suke zama su ja carbi. Gwaggo ta shigo ba ta dube ni ba, ta wuce ta leƙa ɗaki ta ce, "Yaya, ashe kina nan." Inna ta ce, "Ina nan." Sa'ar tawa ce ta shigo ƙarshe, fartanya a kafaɗa, idonta har yanzu a kumbure. Ta tsaya a kaina.

"Kin kasa ke nan."

"Na kasa."

"Bokon banza," ta ce. "To matsa, ni ce na wuni a rana."