Tukunyar da Ta Shiga Zaure

A unguwar Kudai, a ƙasa mai tsarki, na tashi, a gidan haya da ƙarar motocin alhazai ba ta barinsa ya huta. Bayan magariba Kaka Dije, mahaifiyar babana, takan hau saman bene da murhun gawayinta. Akwai gas a kicin, amma ta ce shayin gas ba shi da ƙamshi. Mu jikoki sai mu kewaye ta, tana yi mana Hausa, muna amsa mata da Larabci.

Wata rana na dawo makaranta ina kuka. Wata yarinya ta ce baƙar Takaruniya, sunan da suke kiran irina mai asalin ƙasar Hausa, ba za ta karanta waƙa a taron iyaye ba, malama kuma ba ta tsawata mata ba. Kaka ba ta lallashe ni ba. Ta hura gawayi, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, kowa ya gyara zama.

Wai a gidan wani attajiri tukunya ce ke dafa abinci kullum, fararen kwanuka su kai zaure, masu ci su yi ta yabon kwanuka. Kwanukan suka gargaɗe ta ta tsaya a madafa, kada baƙin jikinta ya ɓata shimfiɗa. Ran nan sai ta mirgino har tsakiyar zaure, toka na zuba, ta faɗi wanda yake shan wuta. Wasu suka yi dariya, wasu suka tashi. Ita dai sai da ta gama maganarta.

Na tambayi Kaka ko sun yabe ta.

"Ban ce sun yabe ta ba, Hauwa'u," in ji ta. "Cewa na yi ta yi magana."

A lokacin haushi na ji, don na so a ɗaga tukunyar sama.

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da na kammala littafina na farko, da Larabci, a kan mutanenmu: masu dakon kayan alhazai a Mina, da matan da ke sayar da abinci a unguwar Aziziyya. Wani edita ya yaba, amma ya nemi in sauya sunayen Hausa, in cire zancen launin fata, wai don kowa ya iya karantawa. Na so ganin sunana a bangon littafi ƙwarai, har na fara gyaran. Da na zo kan sunan Dije, hannuna ya ƙi.

Na mayar da kowane suna inda yake. Editan bai sake kirana ba. Yanzu na gane Kaka ba ta taɓa yi mini alkawarin tafi ba. Littafin yana hannun mai bugawa na uku, ni kuma na yi nisa a na biyu.